Kalmomi 12 da bai kamata mai gyaran waya ya gani ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da ƴan'uwana mutanen Damagaram a kan wani baƙo da ya shigo mana gari ba sallama, wato lalitar kuɗin kirifto, kuɗin intanet da ba takarda ba ne ba tsaba ba, musamman irin wadda ake ɗora wa burauza, manhajar da ake shiga intanet da ita kamar Chrome ko Firefox. Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina koyar da lissafi da aikin kwamfuta, kuma ban ɗauki alƙalami don in tallata wa kowa wannan kuɗi ba. Batun halaccinsa kuwa malaman addini sun yi magana, sun kuma saɓa wa juna, wannan fagensu ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda nake ganin mutane, manya da yara, suna zuba dukiyarsu a cikin lalitar da wani ne ya buɗe musu ita, alhali a wannan harka duk wanda idonsa ya sauka a kan mabuɗi ya zama abokin tarayya a dukiyar, ko mai ita ya yarda ko bai yarda ba.

Ba banza abin ya samu karɓuwa a wurinmu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, cirar kuɗi a banki ta zama wahala, ƴan kasuwar da ke sarin kaya a Kano suka shiga neman kowace hanya ta biyan abokan cinikinsu. A nan ne wasu suka fara jin sunan USDT, kuɗin kirifton da kamfanin Tether ya fito da shi tun 2014, wanda ake riƙe darajarsa daidai da dalar Amurka ɗaya. A 2024 kuma sai ga guguwar dangwale-dangwalen waya, su Notcoin da Hamster Kombat, wasannin da ake dangwalar allo da fatan samun kuɗin kirifto, ta kwashi samari da ƴanmata, kowa ya duƙufa yana jiran ranar fashewa. Wasu sun ɗan samu, da yawa sun tashi da ciwon yatsa, amma dukansu sun fito da lalita a waya ko a kwamfuta wadda ba su san yadda take aiki ba.

Wani maƙwabcina mai rumfa a Kasuwar Dole, mutumin da zai lissafa maka bashin da yake bin kowa tun na bara ba tare da ya duba takarda ba, ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ya kai ta wurin wani yaro mai gyaran waya ya ce a buɗe masa lalita. Yaron ya buɗe, kalmomi 12 na Turanci suka bayyana, ya ce, "Alhaji, waɗannan fa kada su ɓata." Sai ya ɗauki hotonsu da wayarsa ya tura masa, ya kuma ce zai bar hoton a wurinsa saboda ɓacin rana. Alhaji ya yi godiya har da tukuici. Bayan wasu watanni, wata rana da ya dawo daga sallar asuba, ya buɗe kwamfuta ya tarar babu ko dala a ciki. Ya zo mini da ita a hannu, na nuna masa lokacin da kuɗin suka fita da adireshin da suka shiga, domin duk wannan a bayyane yake ga mai son dubawa, sai ya ce to a kira masu abin a ce su dawo da su. Faɗa masa cewa babu wanda za a kira ya fi mini komai nauyi a ranar. Shi yana zargin yaron, yaron kuma ya rantse har da kuka, yana cewa ya daɗe da sayar da waccan waya. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin hoton da ya kwana a waya ba mai wayar kaɗai ke iya kaiwa gare shi ba. Har yau ba sa ga maciji da juna.

Ban ga laifin Alhaji ba, domin ɗabi'ar da ya bi ita ce ta dukanmu. Mun saba da "buɗe mini": a buɗe mini WhatsApp, a buɗe mini Facebook, a sa mini lambar sirri, in na manta na dawo. Mun kuma saba da cewa bayan kowace ajiya akwai mutum. Wanda ya manta lambar sirrinsa ta Airtel Money zai je ofis da katin shaida a gyara masa, wanda aka aiko wa kuɗi ta Nita ko Amana zai tsaya gaban ma'aikaci a duba sunansa a ba shi, kuma ko adashe ne akwai uwar adashe da aka san ƙofar gidanta. Lalitar burauza ta fita daga wannan tsari gaba ɗaya, kuma da gangan aka yi ta haka.

Sunan lalita ma yana ɓatar da mutane, domin babu kuɗi a cikinta. Kuɗin suna rubuce ne a wani babban kundi da dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, tsarin da Bitcoin, kuɗin kirifto na farko, ya fara aiki da shi a 2009, Ethereum ya faɗaɗa shi a 2015. Abin da lalitar ke riƙewa shi ne mabuɗin da ke ba mutum ikon sa hannu a ce kuɗin da ke adireshi kaza su koma adireshi kaza. Wadda aka fi sani a cikin lalitocin burauza ita ce MetaMask, mai tambarin kan yanyawa, wadda ta fito a 2016. Idan an buɗe sabuwa, manhajar tana zaɓo kalmomi 12 daga wani jeri mai kalmomi 2,048, kuma daga waɗannan kalmomi ake haifar da duk mabuɗan da duk adireshin mai lalitar. Hanyoyin da za a iya jera su sun kai adadi mai lamba 39, saboda haka babu ɓarawon da zai zauna ya cinka. Hanyarsa ɗaya ce, ya sa ka nuna masa, ko ya tsinta inda ka yar. Kalmar sirrin da ake sawa a farko kuwa kwaɗo ne na wannan kwamfuta kaɗai. Wanda ya mallaki kalmomin 12 zai zauna a Kano ko a Dubai ya zuba su a tasa kwamfutar, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, ya kwashe komai, ba tare da ya taɓa sanin taka ba. Mutane sukan tsare ƙaramin kwaɗon kamar ransu, su bar babban a hoton waya.

Saboda haka mai son buɗe lalita ya fara da na'urar da shi kaɗai ke amfani da ita. Kwamfutar shagon intanet, da ta ofis, da wadda yara ke sauke wasanni da finafinai a kanta, duk ba wurin wannan aiki ba ne, haka ma wadda aka cika da manhajojin sata da ake kwafa daga ƴar ma'ajiyar USB, domin ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fi shiga. Sannan ya rubuta adireshin shafin kamfanin da hannunsa, harafi bayan harafi, wanda ga MetaMask shi ne metamask.io, ya bi ta can zuwa ma'ajiyar burauzarsa, inda ake sauke ƙananan manhajojin da ake ɗora mata. Kada ya nemi sunan a Google ya danna abin da ya fara fitowa, domin saman shafin wurin talla ne, kuma ƴan damfara sun sha biyan kuɗin talla su kafa shafin bogi mai kama da na gaske kamar an tsaga kara. Ma'ajiyar burauzar ma ba ta tsira ba: a 2025 masu binciken tsaron intanet sun gano fiye da manhajojin bogi 40 a ma'ajiyar Firefox suna kwaikwayon sanannun lalitoci, da suna da tambari da yabon ƙarya. Wanda kuma aka turo masa fayil ta WhatsApp aka ce ga lalita nan, ya goge shi kawai. Ga masu waya, Chrome na Android ba ya ɗaukar irin waɗannan ƙananan manhajoji, sai dai a sauke manhajar waya ta kamfanin, ita ma ta hanyar shafinsa.

Lokacin da kalmomin za su bayyana shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari, kuma minti biyar ne kacal. Mutum ya kasance shi kaɗai a ɗaki. Idan dole sai an taimaka masa, mai taimakon ya kai shi bakin wurin, ya fita, ya ja ƙofa, kuma babu abin kunya a ce wa ɗa ko ƙane ya ɗan ba da wuri. Mai hankali a cikinsu shi zai fara tashi, don kada wata rana zargi ya hau kansa. A rubuta kalmomin da alƙalami a takarda, kowace da lambarta daga 1 zuwa 12, domin in aka sauya wa biyu wuri lalitar ba za ta dawo ba. A nan akwai wata matsala tamu ta musamman. Kalmomin na Turancin Ingilishi ne, mu kuwa karatunmu na Faransanci ne ko na allo, sai hannu ya riƙa karkata zuwa rubutun da ya saba, a ƙara harafi a ƙarshe ko a sauya wasali. Na ga wanda ya rubuta nasa da ajami bisa yadda ya ji an furta su, wai don kada wani ya gane, ranar da ya buƙace su shi ma bai gane ba. A kwafe su yadda suke a allo da manyan haruffan boko, a sake dubawa sau biyu. Kada a ɗauki hoto, kada a tura wa kai ta WhatsApp ko Gmail, kada a adana su a jerin lambobin waya da wani suna na dabara, domin hotuna da lambobi sukan hau ma'ajiyar Google da kansu, kuma daga ranar tsaron dukiyar ya koma daidai da tsaron akawun ɗin da wataƙila mai gyaran waya ne ya zaɓa masa kalmar sirri.

Takarda kuma tana da nata maƙiyan, kuma duk mun san su: gara, ɓera, yoyon damina a ɗakin laka, gobara, da mai shara da bai san darajar abin da ya tsinta ba. A yi kwafi biyu, a naɗe kowane a leda, a sa a gwangwani mai murfi ko akwatin ƙarfe inda ake ajiye takardun fili, ɗaya a gida, ɗaya a wani gidan da aka amince da shi a cikin ambulan da aka liƙe. Wasu a ƙasashen waje suna buga kalmomin a farantin ƙarfe don kada wuta ta ci. Dabara ce mai kyau, amma da sharaɗin mutum ya buga da hannunsa, kada ya kai wa maƙeri ko mai walda. Ɓatar da mabuɗi ba ya buƙatar ɓarawo. Wani mutumin Newport a ƙasar Birtaniya, James Howells, a 2013 aka jefar da ma'ajiyar kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 a juji, ya shafe shekaru yana neman a bar shi ya tona, har kotu ta yi watsi da ƙararsa a farkon 2025. Kuɗin suna nan a kundi kowa na gani, babu mai iya taɓawa. Akasin haka kuma abin kwantar da hankali ne gare mu da zafi da ɗaukewar wuta ke kashe wa na'urori: ko kwamfuta ta ƙone ƙurmus, muddin takardar na nan, dukiyar na nan.

Kafin a zuba abin kirki, a gwada. Shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su cire manhajar tun lalitar tana fanko, su sake sauke ta, su dawo da ita da kalmomin da suka rubuta. Idan adireshin da ya fito shi ne na farko, to takardar ta inganta. Daga nan a turo ɗan kaɗan, kamar na jaka biyu ko uku na sefa, a ga ya iso. Adireshin Ethereum yana farawa da 0x, haruffa da lambobi 42 ne, kuma ba a rubuta shi da ka, kwafa ake yi. Sai dai bayan an kwafa a duba farko da tsakiya da ƙarshe, domin akwai ƙwayar cutar da ke musanya adireshin da aka kwafa da na ɓarawo, akwai kuma masu turo maka ɗan abin da bai kai komai ba daga adireshi mai kama da na abokin cinikinka, don wata rana ka kwafo nasu daga tarihin cinikinka. A kuma yi magana da mai turowa a kan hanyar da zai bi, domin USDT ɗin nan yana tafiya a kan Ethereum, yana tafiya a kan BNB Smart Chain, yana tafiya a kan Tron mai adireshi da ke farawa da T, kuma kowace hanya da kuɗin da ake biyan ladan turawa da shi, ETH ko BNB ko TRX. Sabon shiga yakan ga kuɗinsa a lalita ya kasa motsa su saboda ba shi da ɗan abin biyan wannan lada, sai ya ruɗe ya shiga neman taimako a zaurukan intanet, inda kuraye ke jira.

A can ne zai haɗu da mai cewa shi ma'aikacin kamfani ne, da ladabi da tambari, yana neman kalmomin 12 don ya daidaita masa asusu. Babu ma'aikacin gaskiya da ke neman su, babu shafin gaskiya da ke neman su, sai manhajar kanta a ranar da ake dawo da lalita a sabuwar na'ura. Amma akwai satar da ba ta buƙatar kalmomin ko kaɗan, kuma ita ce ta fi kama waɗanda suka ɗan waye. Amfanin lalitar burauza shi ne haɗa ta da shafukan ciniki, kuma duk shafin da aka haɗa ta da shi yana iya turo buƙatar sa hannu. Wata buƙatar izini ce ga shafin ya ɗebi wani nau'in kuɗi daga lalitarka, wani lokaci ba tare da iyaka ba, kuma izinin yana nan daram ko an rufe shafin, har sai an soke shi. Shafin da ya ce ka ci kyautar rabo, ka danna ka karɓa kafin lokaci ya ƙure, yawanci wannan izini yake nema. Kamar mutum ne ya sa hannu a farar takarda ya miƙa wa baƙo a tasha. A karanta abin da akwatin ya ce kafin a danna, in ba a gane ba a ƙi. Ni kaina lalita biyu nake riƙewa masu kalmomi daban-daban, ɗaya ta ajiya da ba na haɗa ta da kowane shafi, ɗaya ta yawo da ba na barin abin da zai hana ni barci a cikinta. Wanda ajiyarsa ta yi nauyi ya nemi ƴar na'urar da ke riƙe mabuɗi a wajen kwamfuta, irin Ledger ta Faransa ko Trezor, sabuwa daga masu ƙera ta. Wadda ta zo da kalmomi a rubuce a cikin kwali tarko ce.

Idan kuwa mutum ya san wani ya taɓa ganin kalmominsa, ko sun taɓa shiga hoto, to sauya kalmar sirri ba ya maganin komai, kuma kalmomin 12 ba sa sauyuwa. Ya buɗe sabuwar lalita a na'ura mai tsabta, ya kwashe abin da ya rage zuwa can a ranar. Wannan ya shafi duk wanda aka buɗe wa lalita a shago, ko da shekara ta wuce ba abin da ya faru, domin mai haƙuri a cikin ɓarayi jira yake ajiya ta yi kauri. Wanda aka riga aka yi wa sata yana iya kai ƙara, tun da Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, amma ya sani kuɗin da suka fita ba sa juyowa da umarnin kowa, kuma masu zuwa daga baya su ce za su ƙwato masa idan ya biya kafin alƙalami, ƴan gida ɗaya ne da na farko.

Wani zai ce to me zai hana a bar kuɗin a hannun manyan kamfanonin canji, su riƙe mabuɗin. Ga wanda ya san ba zai iya tsare takarda ba, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai can ma an sha kuka: Mt. Gox ta Japan ta durƙushe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000, akasarinsu na jama'a, FTX ta bi sahu a Nuwamban 2022. Sefa ce kuɗin da doka ta sani a ƙasar nan, kuma babu wanda ya ɗaukar wa mai kirifto alkawarin biyan diyya, ko a can ya ajiye ko a gida. Haka kuma lalita mai tsaro ba ta hana mutum miƙa kuɗinsa da hannunsa ga masu alkawarin ninka su a wata guda, kamar yadda CBEX ta yi wa maƙwabtanmu na Najeriya a Afrilun 2025.

Saura abu ɗaya da nake ganin mu ya fi shafa, shi ne gado. Sirrin da aka tsare har ya zama mutum ɗaya ne ya san da shi, ranar da mai shi ya kwanta dama dukiyar ta bi shi, marayu suna zaune, masu bin bashi suna ƙofa, babu alƙalin da zai iya buɗewa. Addinin da ya umarce mu da rubuta bashi a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ya kuma kwaɗaitar da wasiyya, ba zai so haƙƙin magada ya salwanta saboda gwangwanin da ba a san inda aka binne ba. Ni abin da na yi shi ne, uwargidana ta san inda ambulan yake amma ba ta buɗe ba, babban ɗana ya san yadda ake dawo da lalita amma bai san inda ambulan yake ba, kuma a wasiyyata na rubuta cewa akwai wannan ajiya ba tare da na rubuta kalmomin ba. Ina roƙonku, Malam Edita, ku gayyato malaman da ke rabon gado a garin nan su yi mana bayani a wannan shafi kan yadda za a ƙiyasta irin wannan dukiya da farashinta ke hawa da sauka tsakanin ranar rasuwa da ranar rabo, da kuma wanda ya dace a damƙa wa ambulan kafin magada su hallara.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram